Idan saitin ƙaramar bindiga ya goce: abin da ya kamata ku sani

Waɗanda suka kalli gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024 za su tuna Yusuf Dikeç, ɗan Turkiyyan nan mai shekara 51 da ya tsaya hannu ɗaya a aljihu, sanye da tabarau irin na kowa da kowa, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan a harbin ƙaramar bindigar iska. Nisan mita 10 ne. Da'irar tsakiyar allon, wadda ke ba da maki goma, faɗinta milimita 11.5 kacal. Dokar gasar kuma ta hana ɗora wa bindiga madubi mai kusanto da nesa ko fitilar nuna wuri. To da me suke aunawa? Da wasu 'yan ƙarafa biyu da ke kan bindigar, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Su ake kira saiti.

Irin waɗannan ƙarafa ne a kan fistol ɗin ɗan sanda da na soja da libarbar da kuke gani a fim. Idan na bayan ya ɗan matsa daga mazauninsa, harbi ya goce ke nan, ko da wane gwani ne ya riƙe bindigar. Ana gyara shi, kuma gyaran ba shi da wuyar fahimta. Wuyar tana wani wuri daban, za mu zo kanta.

Mene ne saitin baya, kuma me yake yi?

Ku duba saman ƙaramar bindiga. Can kusa da baki akwai ɗan ƙarfe a tsaye, shi ne saitin gaba. A ƙarshen baya, wajen da ya fi kusa da idon maharbi, akwai wani ƙarfen mai ɗan faɗi da aka yi wa giɓi a tsakiya, shi ne saitin baya. Maharbi yana leƙawa ta cikin giɓin ya hango ƙarfen gaba. Abu biyu yake nema: kan ƙarfen gaba ya zo daidai da kafaɗun giɓin, kada ya ɗara kada ya gaza, sannan hasken da ke gefensa na dama ya yi daidai da na hagu. Idan ya samu haka, sai ya ɗora su kan abin da yake bara.

Duk wanda ya taɓa ganin magini yana fitar da layin katanga ya san wannan dabarar. Yakan kafa turke biyu, ya runtse ido ɗaya ya hango na nesa ta kan na kusa. Turakun nan biyu su ne ke nuna masa inda katanga za ta dosa. Idan yaro ya ture na kusa ya matsa da ɗan yatsa guda, katangar za ta je ƙarshen fili a karkace, alhali a idon magini komai daidai yake.

Siffar saiti ta ƙarfe mai kusurwa huɗu da giɓi mai kusurwa huɗu, wadda yawancin fistol ke ɗauke da ita a yau, ana danganta ta ga wani maharbi Ba'amurke mai suna Patridge, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya aka riƙa ƙara mata fararen ɗigo uku don ido ya yi saurin kamawa, wasu kuma a sa musu sinadari mai haske cikin duhu. Amma tushen aikin bai canja ba.

Yaya ɗan matsi kaɗan zai jawo babban kuskure?

Saboda tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajeriya ce, nisan da harsashi zai je kuwa dogo ne. A bindigar Glock 17, wadda Gaston Glock na ƙasar Ostiriya ya ƙera a farkon shekarun 1980, kuma 'yan sandan ƙasashe da dama ke riƙewa, tazarar nan kusan milimita 165 ce. Ku ɗauka allon yana nisan mita 25, wato milimita 25,000. Idan kun raba 25,000 da 165 za ku samu ɗari da hamsin da ɗoriya. Ma'ana, duk kuskuren da ke jikin saiti, kafin ya isa allo ya ninku sau ɗari da hamsin. Milimita ɗaya a kan bindiga ta zama santimita 15 a kan allo.

Daga nan ne masu gyara suka samo lissafinsu, kuma duk wanda ya gama firamare zai iya yin sa. A auna nisan da harbi ya goce daga inda aka nufa, a ninka shi da tazarar saiti biyun, a raba da nisan allo. Sharaɗi ɗaya ne: duka ukun su kasance a ma'auni iri ɗaya. Misali, harbi yana sauka santimita 8 hagu da tsakiya daga mita 25. Milimita 80 sau 165, a raba da 25,000, ya ba da 0.53. Rabin milimita ke nan. Katin ATM da ke aljihunku kaurinsa milimita 0.76 ne, don haka gyaran da ake magana bai ma kai kaurin katin ba.

Ku riƙe wannan adadi a zuciya, domin shi ne zai fahimtar da ku duk abin da ke tafe. Wanda ya ɗauki guduma yana ganin sai ya ga saiti ya motsa ƙuru-ƙuru kafin ya tsaya, ya riga ya zarce.

Ta yaya za ku san laifin saitin ne?

Nan gizo ke saƙa. Masu koyar da harbi sun daɗe da lura cewa mafi yawan sababbin maharba da ke ƙorafin saiti ya goce, saitinsu lafiya lau yake. Hannu ne ke gocewa.

Alamar da aka fi sani ita ce harbin da ke sauka ƙasa ta hagu ga mai amfani da hannun dama, ko ƙasa ta dama ga bahago. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya san ƙara na tafe, kuma bindiga za ta zabura. Sai yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali, sauran yatsun su ƙara damƙewa tare da shi, wuyan hannu kuma ya dunƙufar da bakin bindigar don tarar zaburar tun ba ta zo ba. Duk wannan cikin ƙiftawar ido yake faruwa, kuma ƙarar harbin tana rufe shi. Mutum zai rantse bai motsa ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, bai ji ba ne. Malaman harbi suna da hanyar nuna masa. Sukan cusa harsashin bogi, wanda ba shi da albarushi, a cikin na gaske ba tare da ya san gurbinsa ba. Da ya zo kansa ya ja kunama, babu ƙara, sai kowa ya ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kansa. Daga ranar gardama ta ƙare.

Idan aka tura saiti don a rufe irin wannan kuskure, an gyara bindiga ta dace da mummunar ɗabi'a. Ranar da hannun ya nutsu, harbin zai koma ɗaya gefen. Ranar da wani ya karɓi bindigar, shi ma haka. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi yawa da ake yi wa saiti, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Saboda haka kafin a taɓa komai, ana yin gwaji a filin harbi na hukuma ko na kulob mai lasisi. Maharbi ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan buhun yashi ko wani matashi mai tauri, don a cire rawar hannu daga lissafi. Ya harba biyar a natse, duk yana auna wuri ɗaya, ba tare da ya bi ramin farko da ido yana ƙoƙarin gyarawa ba. Ya sake wasu biyar a sabon allo, ya kuma sakewa. Abin da ake dubawa shi ne gungun hujin da suka taru. Huji ɗaya ba ya faɗin komai. Idan hujin sun warwatsu ko'ina, babu maganar saiti tukuna, saura atisaye. Idan kuwa sun taru wuri guda, kuma kowane zagaye a gefe ɗaya suke taruwa, to an fara samun hujja. Sai a miƙa bindigar ga wani ƙwararre ya gwada. Idan shi ma gungunsa can ya sauka, an kama mai laifi. Daga tsakiyar gungun ake aunawa zuwa inda aka nufa, ba daga ramin da ya fi nisa ba.

Akwai wasu abubuwan da ke rikita gwajin. Harsashi iri-iri ne ko a bindiga ɗaya. Na milimita 9, alal misali, akwai mai nauyin giram bakwai da rabi, akwai mai giram tara da rabi, kuma sau da yawa mai nauyin ya fi sauka sama, domin ya fi jinkirin fita daga bututu, lokacin da bakin bindigar ya riga ya fara ɗagawa. Don haka da irin harsashin da za a riƙa amfani da shi ake gwaji. Haske ma yana da tasiri. Rana ta bugi gefe ɗaya na ƙarfen gaba, sai ido ya ga tsakiyarsa a inda ba nan take ba. Shi ya sa tsofaffin 'yan gasa suke turara saitinsu da baƙin hayaƙi don ya daina ƙyalli. Sannan ga ido. Yawancin mutane suna da idon da ya fi ɗaya rinjaye, kuma akwai masu hannun dama da idonsu na hagu ne mai rinjaye. Daga shekara arba'in kuma gani na kusa yakan fara raguwa, ƙarfen gaba ya riƙa dushewa. Wannan maganinsa yana wajen likitan ido.

Ana kuma duba bindigar da ido. Shin saitin bayan yana tsakiyar mazauninsa, ƙarfen da ya rage dama da hagu daidai? Yana girgiɗi idan an taɓa shi da yatsa? Akwai tabon faɗuwa a gefensa? Saiti yakan goce idan bindiga ta faɗi ƙasa, ko ta daki ƙofar mota tana ɗaure a ƙugu, ko ɗan sukurun da ke riƙe shi ya kwance saboda girgizar harbi. Wani lokacin ma haka ya fito daga masana'anta.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: saiti zai iya zama a tsakiya cif amma harbi ya goce, kuma zai iya zama ɗan gefe kaɗan amma harbi ya tafi daidai. Ba kowane bututu ne ke zaune a miƙe sak cikin bindiga ba. Allo ne alƙali, ba kyan gani ba.

Wane gefe ake tura shi?

Ƙa'idar gajeriya ce. Saitin baya ana tura shi inda ake so harsashi ya koma. Harbi na sauka hagu, kuna so ya dawo dama, sai a tura saitin baya dama. Yana sauka ƙasa, kuna so ya hau, sai a ɗaga saitin baya. Saitin gaba kuwa akasin haka yake aiki: idan an tura shi hagu, harbi ya tafi dama, idan an ƙara masa tsayi, harbi ya sauka ƙasa.

In kuna shakka, ku gwada da hannunku. Ku miƙe yatsa ɗaya na hannun hagu can gaba, ku yi giɓi da yatsu biyu na hannun dama kusa da ido, ku daidaita su. Yanzu ku matsar da giɓin dama kaɗan. Don yatsan gaba ya sake shiga tsakiyar giɓin, dole ku bi shi da shi dama. A bindiga, yatsan gaban nan a kan baki yake, don haka bakin ne ya juya dama, harsashi kuma ya bi shi.

Dama da hagu a nan na wanda ke bayan bindiga ne, yana kallon inda bakinta ya dosa. Wanda ya juya ta a kan teburin aiki ya manta da haka, zai tura saiti baibai, kuskuren santimita 8 ya koma 16.

Yaya ake yin gyaran?

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi. A cire gidan harsashi, a ja marfin sama baya a kafe shi, a leƙa ɗakin da harsashi ke kwanciya a gindin bututu, a sa yatsa a taɓa. Cire gidan harsashi kaɗai bai isa ba, domin ɗaya na iya kasancewa a ciki. Harsasan a fitar da su daga ɗakin aikin gaba ɗaya. Wannan ba yawan tsoro ba ne. Wasu bindigogin, har da Glock, sai an ja kunama kafin a iya kwance su, kuma a daidai wannan gaɓar mutane da dama sun harbi hannunsu ko cinyarsu ko wanda ke kusa, da bindigar da suka tabbatar wa kansu babu komai a ciki. Ko an duba, bakinta ba ya kallon mutum.

Sauran aikin ya danganta da irin saitin, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne mai sukuru, irin na bindigogin gasa. Yana da sukuru biyu, ɗaya a gefe na dama da hagu, ɗaya a sama na hawa da sauka. Ana murɗawa da ƙaramar sukurudireba, kowane murɗi ya yi ƙas, kuma kowane ƙas yana matsar da harbi da wani adadi da littafin bindigar ke faɗa. Idan littafin ya ɓata, a murɗa ƙas goma, a harba gungu, a auna nisan da ya matsa, a raba goma. 'Yan gasa kan taɓa wannan sukurun ko a tsakiyar wasa idan haske ya canja. Sai dai akwai tarko a rubutun da ke jiki. A yawancin kayan Amurka, alamar tana nuna inda harbi zai koma idan an murɗa. A kayan gasa da yawa na Jamus kuwa, alamar tana nufin inda harbin yake sauka yanzu, wato idan yana sauka hagu a murɗa wajen alamar hagu. Wanda ya saba da ɗaya ya ɗauki ɗayan, zai yi ta murɗawa abu na ƙara lalacewa.

Na biyu shi ne wanda ya fi yawa a bindigogin aiki, na 'yan sanda da sojoji. Ba shi da sukurun murɗawa. An yanka gurbi a kwance a saman marfin, mai faɗin gindi da matsattsen baki, aka cusa gindin saitin ta gefe da ƙarfi. Ba ya fita ta sama, amma yana iya zamewa dama ko hagu idan an matsa masa sosai. Matsin nan kaɗai ke riƙe shi, sai dai wasu akan ƙara musu ɗan sukuru mai danne shi daga sama, wanda dole a sassauta kafin a tura. Mai gyara yakan cire marfin daga jikin bindigar, ya ja ɗan layi da fensir daga saitin zuwa marfin don ya san inda ya taso. Ba tare da wannan layin ba, babu yadda ido zai gane an matsa rabin milimita.

Hanyar da ta fi kyau ita ce na'urar turawa. Tana damƙe marfin, tana da dogon sukuru da ake murɗawa da hannu, shi kuma yana tura gindin saitin sannu a hankali, gwargwadon yadda ake so. Tsohuwar hanya kuwa ita ce a ɗaure marfin a matsin ƙarfe na teburin aiki, a sa fata ko katako don kada ya ƙuje, a ɗora ɗan sandan tagulla ko na roba mai tauri a gindin saitin, a riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Tagulla ake zaɓa don ta fi ƙarfen bindigar laushi, ita ce za ta lotsa ba shi ba. A gindi ake bugu, ba a kafaɗun giɓin ba. Matsalar guduma ita ce saiti yakan ƙi motsi, ya ƙi, ya ƙi, sannan bugu ɗaya ya kwashe shi ya wuce. Kuma ba kowane saiti ne ke jure ta ba. Na roba da wasu bindigogin ke zuwa da shi yakan lanƙwashe. Masu haske cikin duhu kuwa suna ɗauke da 'yan mitsi-mitsin kwalabe na gilashi da iskar tiritiyam a ciki, wani sinadari da ke sa kwalaben su yi haske, hasken kuma yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya fasa kwalbar, hasken ya tafi ke nan. Garin gyaran gira an rasa ido.

Bayan an tura, a mayar da bindiga, a koma fili, a sake harba gungu daga nisan farko da harsashin farko. Ba kasafai ake dacewa a karon farko ba, shi ya sa masu na'urar turawa sukan tafi da ita filin. Idan an gamsu, sai a ɗaure ɗan sukurun idan akwai, a ɗiga masa ruwan gam na musamman da ke hana sukuru kwancewa. Idan kuma saitin ya sake zamewa bayan an gyara, ko ana iya tura shi da yatsa, gurbin ya yi masa yawa. Wannan aikin maƙerin bindiga ne, ko a sauya saitin.

Na uku shi ne wanda ba ya motsi sam. A libarba da yawa da ƙananan fistol na aljihu, saitin baya kwari ne kawai da aka sassaƙa a jikin bindigar. Babu abin turawa. Ƙwararren maƙeri na iya ɗan juya bututun ko ya sauya ƙarfen gaba, amma mafi yawan masu irin wannan bindiga sukan nemi harsashin da ya dace da ita, su san halinta.

Idan harbin sama yake yi ko ƙasa fa?

Tura saiti gefe ba ya maganin wannan. Amma kafin a ce akwai matsala, a tambaya: ina masana'anta ta nufa a ɗora ƙarfen gaba? Akwai bindigogin da aka saita don a ajiye kan ƙarfen a ƙarƙashin baƙin da'irar allo, irin yadda 'yan gasa ke so. Akwai waɗanda kan ƙarfen ke raba tsakiyar biyu. Akwai kuma waɗanda farin ɗigon gaba ne ke rufe inda harsashi zai shiga. Wanda ya auna da salon da ba na bindigarsa ba zai ga harbi na hawa ko sauka, alhali komai lafiya.

Idan an tabbatar ba haka ba ne, sai a sauya ƙarfen da wani mai tsayi daban. Kamfanin Glock, misali, yana yin saitin baya mai tsayin milimita 6.1 da 6.5 da 6.9 da 7.3. Bambancin milimita 0.4 ne tsakaninsu, wanda a lissafinmu na ɗazu ya kai kusan santimita 6 a mita 25. Wasu sukan goge kan ƙarfen gaba da zarto don harbi ya hau. Yana aiki, amma abin da aka goge ba ya dawowa.

Wa ke da hurumin yin wannan aiki?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa ɗan ƙasa na da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gida, gyaran saiti abu ne da mutane ke yi a garejinsu, kuma shagunan bindiga suna yi wa abokan ciniki. A Birtaniya kuwa an haramta wa farar hula yawancin ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yaran makaranta a garin Dunblane a 1996, har ta kai 'yan wasan harbin ƙasar suka riƙa fita waje yin atisaye.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka ta mafarauta, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinta. Bindigogin farauta na zamani, Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna cikin jerin haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mallakarsu ba izini laifi ne mai ɗaurin shekaru masu yawa. Dokar ba ta tsaya kan mallaka ba, ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a wuraren da hukuma ta amince. Don haka maƙerin unguwa da aka kai wa fistol ya gyara, shi ma ya shiga uku tare da mai ita.

Ma'anar wannan ita ce, a Najeriya waɗanda batun ya shafa kai tsaye su ne jami'an tsaro da aka ba bindiga don aiki. Su ma bindigar ba tasu ba ce, ta hukuma ce, kuma akwai jami'in ma'ajiyar makamai da aka horar don wannan. Abin da ke kan jami'i shi ne ya kai rahoto idan bindigarsa ta faɗi, ko ya lura a filin atisaye cewa gungunsa ya koma gefe. Kada ya ce zai riƙa aunawa gefe kaɗan don ya cike giɓin. A filin atisaye wannan dabarar tana aiki, amma a lokacin tashin hankali babu mai tuna ta, kuma kuskuren santimita 15 a cikin jama'a na iya zama ran wanda bai ji ba bai gani ba. Ta nan ne batun ya shafi wanda bai taɓa riƙe bindiga ba.

Nawa ake kashewa?

Inda doka ta yarda, gyaran kansa ba shi da tsada. Sandan tagulla da ƙaramar guduma kuɗinsu kaɗan ne. Na'urar turawa a kasuwar Amurka tana farawa daga dala 'yan gomiya, masu inganci su haura ɗari, wasu ɗaruruwa, shi ya sa wanda sau ɗaya zai yi aikin gara ya biya maƙeri, wanda in da na'urarsa a hannu 'yan mintuna ne. Saiti mai haske cikin duhu ya fi na ƙarfe zalla tsada nesa ba kusa ba, kuma tun da haskensa yana dushewa, abu ne da ake sauyawa bayan shekaru. Bindigogin iska na gasar Olamfik, irin na kamfanonin Steyr da Morini da Pardini da Walther, kowace ta haura Yuro dubu, amma masu su ba sa biyan kowa kuɗin saiti, sukurudireba ce kawai.

Inda kuɗin ke tafiya shi ne harsashi. Gungu uku na gwajin farko harsashi 15 ne, na ƙwararren da zai tabbatar wasu biyar ko goma, sannan kowane turi yana buƙatar nasa gungun. Kwalin harsashin fistol galibi 50 ne a ciki, kuma aikin yakan cinye shi, wani lokacin har a buɗe na biyu.